Lissafin Dare Arba'in: Yadda Kirista Zai Binciki Kansa Kafin Ista

A Yamai da wuya Kirista ya ce yana azumi a bar shi ba a tambaye shi ƙarfe nawa yake shan ruwa ba. Tambayar ba ta ƙeta ba ce. A ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, azumi kamanni ɗaya gare shi a idon jama'a: a yi sahur, a kame baki, a sha ruwa da faɗuwar rana. Ga shi kuma tun 2022 kwanakin azumin Musulmi da na Kirista suke haɗuwa. A 2025 Ramadan ya kama a farkon Maris, Larabar Toka, wadda azumin Kirista ke farawa da ita, ta faɗo ran 5 ga watan, a 2026 kuwa duka biyun cikin mako ɗaya suka fara, Larabar Toka tana ran 18 ga Fabrairu. Wannan kusanci alheri ne ga zaman unguwa, amma ya jefa Kirista da yawa cikin ruɗu. Mutum ya ɗauki awoyin yunwa ya mai da su ma'auni, ya ga nasa ba su kai na maƙwabci ba, sai ko dai ya kwaikwayi abin da ba a ɗora masa ba, ko ya saki abin baki ɗaya yana cewa ai namu azumin ba wani abu ba ne. Dukansu sun kuskure wurin da aikin yake. Aikin kwana arba'in ɗin nan shi ne mutum ya gano inda ya ɓata tsakaninsa da Allah da kuma tsakaninsa da mutane, ya gyara kafin daren Ista. Yunwa da addu'a da sadaka kayan aikin gyaran ne, kuma ana gane amfaninsu ne daga abin da aka gyara da su.

Tarihin lokacin shi ne shaida ta farko. Taron bishop-bishop na Nikiya a shekara ta 325 ya riga ya ambaci kwanaki arba'in a matsayin abin da aka sani, kuma Atanasiyus na Iskandariya ya riƙa tuna wa Kiristan Masar su a wasiƙunsa na kowace shekara. An ɗauko adadin daga kwanakin Musa a kan dutse, da tafiyar Iliya zuwa Horeb, da zaman Yesu a jeji. Amma mutum iri biyu aka tsara lokacin dominsu tun farko: masu shirin karɓar baftisma a daren Ista, da waɗanda suka yi babban laifi a fili aka dakatar da su daga Jibin Ubangiji, waɗanda a Roma ake mayar da su cikin jama'a ran Alhamis ta Mako Mai Tsarki. Toka da tsumma kayan waɗannan masu tuba ne. Sai daga baya sauran jama'a suka ga cewa su ma ba su fi ƙarfin tuba ba, har Paparoma Urban na Biyu ya umarci a shafa wa kowa toka a taron Benebento na 1091. Ke nan duk wanda ya miƙa goshinsa ranar Laraba, a babbar majami'ar Yamai ko a Garbado ko Harobanda ko Yantala ko Saga, ya shiga layin masu laifi ne da ƙafarsa. Wanda ya shiga wannan layin kuma bai san laifin da ya kawo shi ba, ya sha rana a banza.

Ƙa'idojin a taƙaice suke. Ista tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, Larabar Toka kuma kwana 46 kafin ta. In aka cire Lahadi shida, waɗanda ba a azumi a cikinsu, saura arba'in. Kundin dokokin Ikilisiyar Katolika na 1983 ya wajabta azumi a rana biyu kacal, Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Yesu, a kan wanda ya cika shekara 18 bai shiga ta 60 ba. Ma'anarsa cin abinci sau ɗaya a ƙoshi, da ɗan abin taɓawa sau biyu, ruwa kuwa ba a hana shi ba. Barin nama yana kan duk wanda ya cika 14, a waɗannan ranaku biyu da kowace Juma'a ta lokacin. Dokar ta ba majalisar bishop-bishop ta kowane yanki damar daidaita wannan da halin mutanenta, Nijar kuma majalisa ɗaya take da Burkina Faso, don haka a saurari sanarwar da za a karanta a majami'a. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema. An bar sauran a hannun mutum da gangan, domin ciwon kowa daban ne, kuma firist ba zai iya rubuta wa dubban mutane magani ɗaya ba.

Saboda haka aikin yana farawa tun kafin Laraba. A makon da ya gabace ta, a sami awa ɗaya a keɓe, a kashe waya, a nemi laifi ɗaya da za a sa a gaba. Ɗaya, ba goma ba. Wanda ya ce zai daina fushi da gulma da giya da ƙarya duk a lokaci guda, kafin Lahadi ta biyu ya koma inda yake, ya kuma ƙara da yanke ƙauna. Masu zaman ibada a hamadar Masar sun daɗe da gane haka. Ebagiriyus, wanda ya rayu a can a ƙarshen ƙarni na huɗu, ya jera tunani takwas da ke kai mutum ƙasa: zarin ci, sha'awa, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, kasala, son yabo da girman kai. Paparoma Giregori Babba ya sake tsara su zuwa bakwai wajen shekara ta 590, ya shigar da hassada. Amfanin jerin shi ne yana nuna saiwa. Magidancin da ke yi wa iyalinsa tsawa kullum yana iya zaton fushi ne matsalarsa, alhali tsoron talauci ne ke cin sa, ko kuwa wulaƙancin da ya haɗiye a wurin aiki yake saukewa a gida. Hanya mafi sauri ta gano saiwar tana da ɗaci: a tambayi wanda ake kwana ake tashi da shi. Miji ya ce wa matarsa, "Maman yara, wane hali nawa ne ya fi ba ki wahala?" sannan ya yi shiru har ta gama, kada ya kare kansa ko da kalma ɗaya. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, shi ya sa na kusa da kai ya fi ka ganin abin da kake tsaye a kai.

Da an sami laifin, sai a kafa lissafin dare. Tsarin da ya fi sauƙin riƙewa shi ne wanda Ignatiyus na Loyola ya shimfiɗa a littafinsa na horon ruhu, wanda Roma ta amince da shi a 1548, kuma minti goma zuwa goma sha biyar ya ishe shi. Ana farawa da godiya, a ambaci takamaiman abin da aka samu a ranar, ko da lafiyar yaro ce ko cinikin da ya faɗa. Wannan matakin ba ado ba ne, don wanda ya fara da laifinsa kafin ya tuna alherin Allah zai ƙare da jin tsoron Allah kamar mai bin bashi, ya daina zuwa. Sai a roƙi haske, domin lamiri ma yana iya yin ƙarya don ya kare mai shi. Sannan a bi ranar daki-daki tun daga farkawa: me na yi tunani, me na faɗa, me na aikata, me ya kamata in yi na ƙi. A nemi gafara a kan abin da aka gani, da sunansa. A ƙarshe a yanke abu ɗaya da za a yi gobe, ƙarami wanda za a iya dubawa, kamar gaida wane da aka daina gaisarwa ko mayar da canjin da aka riƙe. Ɗan kasuwar Katako da ya san abin da yake yi ba ya barin lissafi sai ƙarshen shekara, kowane dare yake buɗe littafi ya ga abin da ya shiga da abin da ya fita da wanda yake bin sa, domin ya san giɓin jika ɗaya da aka ƙyale yau shi ne zai cinye jari. Haka wannan aikin yake, kuma lokacinsa ya zama tsayayye. A gidan da hayaniya ba ta ƙarewa da wuri, a tashi minti goma sha biyar kafin kowa, a yi lissafin jiya da asuba.

Inda mutane suka fi yaudarar kansu shi ne wajen tambayoyin. Tambaya irin ta "ina ƙaunar maƙwabcina?" kowa zai amsa ta da i, ya kwanta. Dole tambayar ta sami suna da adadi da rana. Yarinyar da ke aiki a gidana, wadda aka kawo daga ƙauye, yaushe na biya ta kuɗinta na ƙarshe, ƙarfe nawa take kwanciya, kuma abin da 'ya'yana ke ci shi take ci? Na kwashi adashi na daina zubi? Akwai wanda ya ranta mini kuɗi da yanzu nake canza hanya in na hango shi? In ina awo, tiyar da nake saye da ita ce nake sayarwa da ita? In ina ofis, takardar wa na danne har sai da ya sa hannu a aljihu, kuma awa nawa na ci albashinsu ba na wurin? In malami ne ni, makin da na bayar na aikin yaro ne ko na fuskar ubansa? Saƙon da na tura a WhatsApp a kan wance, na tabbatar da shi kafin in tura, kuma ko da gaskiya ne, wa ya amfana? Akwai kuma tambayar da ta shafi majami'un Yamai musamman, inda Bahaushe da Bazabarme da Bagurmance da 'yan asalin Benin da Togo da Burkina suke zama a benci ɗaya: wa nake ɗauka Kirista na biyu saboda yarensa ko ƙasar kakansa, kuma wa na hana wani matsayi a ƙungiyar mawaƙa ko ta mata don ba namu ba ne? Dokoki Goma da ke Fitowa sura 20 da Huɗuba a Kan Dutse da ke Matiyu sura 5 zuwa 7 sun isa su zama madubi, in dai an yarda a sauko da kowace aya har ƙofar gida. Annabi Ishaya a sura 58 ya riga ya yanke hukunci a kan mutanen da ke azumi suna kuma matsa wa ma'aikatansu a rana guda, ya ce Allah bai karɓa ba. Wannan sura ita ce hujja mafi ƙarfi cewa albashin 'yar aiki yana cikin azumi kamar yadda tukunya take ciki.

Rubutu yana taimakawa. Atanasiyus ya ba da labari cewa Antoni, uban masu zaman hamada, yana shawartar almajiransa su rubuta ayyukansu da motsin zuciyarsu kamar za su nuna wa wani, domin kunyar gani a rubuce tana hana maimaitawa. Ignatiyus ya ƙara dabara: a ja layi biyu don kowace rana, a sa ɗigo duk lokacin da aka faɗa cikin laifin nan ɗaya, a duba da rana a duba da dare, a gwada yau da jiya, wannan mako da wancan. Ƙaramin littafi ya isa, a yi amfani da alamar da mai shi kaɗai ya gane, kada a rubuta sunan kowa. Wanda bai iya rubutu ba ya ɗaura ƙulli a zare ko ya tara tsakuwa. Amfanin ɗigon shi ne yana fallasa lokaci da wuri: mutum zai ga cewa kullum bayan ya dawo daga fadar shayi yake shiga gida da faɗa, ko kuwa ƙaryarsa ta fi yawa a ƙarshen wata. In an ga haka, an san abin da za a yi wa azumi.

A nan ne kame baki yake samun ma'anarsa. A zaɓi abin da za a bari daidai da laifin da ake yaƙa. Mai gulma ya bar zaman da ake yin ta, mai fushi ya bar mayar da magana nan take, wanda waya ta raba shi da iyalinsa ya ajiye ta daga magariba. Rage abinci yana da wurinsa, domin jikin da ba a taɓa ce masa a'a ba ba zai ji a'a ba ranar da jarraba ta zo, amma a yi shi da hankali. Ƙarshen lokacin yana faɗawa cikin bazara, sa'ad da zafin Yamai ke haura digiri 40, kuma ba a nemi lebura ko mai ciki ko mai shayarwa ko mai ciwon sukari ya hana kansa ruwa ba. Batun naman Juma'a ma yana son gaskiya. An sa dokar ne don a ci abincin talaka. Wanda ya bar tsiren jika ɗaya ya je bakin kogi ya sayi giwan ruwa mai tsada ya cika harafin doka ya tsallake nufinta, gara ya ci dambu da zogale ko wake da shinkafa. Wani zai ce, to talakan da dama sau ɗaya yake ci a yini, nama kuma sai ranar biki, me zai bari? Maganarsa gaskiya ce, kuma ba a neman ya ƙara wa kansa yunwa. Sai dai talauci ba ya hana hassada ko dukan mata ko cin amanar abokin aiki, don haka lissafin dare nasa ne kamar na kowa, kuma wannan ma yana nuna cewa ba a ciki zuciyar lokacin take ba. Da a ciki take, da mai kuɗi kaɗai ke da abin miƙawa.

Abin da aka rage kuma ba na mai ragewa ba ne. A sami gwangwani, duk ranar da aka bar wani abu a jefa kuɗinsa a ciki, in ba haka ba azumin ya zama tattali kawai. A fara da bashi kafin kyauta, don ba a sadaka da kuɗin mutane. In an sauke bashi, mabuƙata ba su da nisa. Tun bayan sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga a Satumba 2018, wanda sai a Oktoba 2020 aka sake shi a Mali, rashin tsaro ya ci gaba da korar iyalai daga ƙauyukan yankin Makalondi da Torodi, Kirista da Musulmi, wasunsu suna nan cikin Yamai a gidajen 'yan'uwa. Ana iya bayarwa ta hannun majami'a ko ƙungiyar agaji ta CADEV, ana kuma iya kai tiyar hatsi gidan gwauruwar da ke bayan layi ba tare da an tambayi addininta ba. Matiyu sura 6, wadda ake karantawa ranar Larabar Toka, sharaɗi ɗaya ta gindaya wa sadaka da addu'a da azumi: a ɓoye su. Kada a ɗauki hoto.

Sai maganar maƙwabcin da ke ganin azumin da ake shan ruwa a cikinsa wasa ne. Ba a buƙatar gardama da shi, kuma bai kamata a raina wahalar da yake sha ba, don wuni cikin zafin bazara babu ɗigon ruwa ba ƙaramin horo ba ne. A gaya masa gaskiya: tsananin azumi ba baƙo ba ne a Kiristanci, Kibɗawan Masar da Kiristan Habasha suna yin kwana 55 ba nama ba madara ba ƙwai, Roma ce ta sassauta dokar abinci, musamman a takardar Paparoma Bulus na Shida ta 1966, ta mayar da nauyin kan tuban zuciya da ayyukan jinƙai. Ana iya yi wa wannan sassauci suka, kuma sukar tana da tushe, domin mutane da yawa sun ji an rage sun ɗauka an soke. Amma maganin ba gasa ba ne. Kirista da ke son ya wuni bai ci ba yana da 'yancin yin haka, muddin ya tambayi kansa da dare ko don Allah ya yi ko don kada a raina shi a wurin aiki. In don na biyun ne, son yabo ne ya sa rigar ibada, kuma shi ma ɗigo ne a littafi.

'Yan'uwa na ikilisiyoyin bishara, irin su EERN da sauran waɗanda suka tsiro daga aikin mishan ta SIM a Damagaram da Tsibiri da Galmi, suna da tasu ƙin yarda, kuma ta fi nauyi. Suna cewa Littafi Mai Tsarki bai umarci wannan lokaci ba, manzo Bulus ya gargaɗi Kolosiyawa kada a hukunta su a kan abinci da ranaku, ceto kuma alheri ne, ba ladan yunwa ba. Gardamar tsohuwa ce, tun 1522 aka yi ta a Zurik, sa'ad da wasu suka ci nama a fili cikin azumi, mai wa'azi Zwingli ya tsaya musu. Duk abin da suka faɗa daidai ne, kuma Katolika da ke zaton azuminsa yana sayen gafara ya saɓa wa koyarwar ikilisiyarsa. Amma Bulus ɗin nan shi ne ya umarci Korintiyawa kowa ya gwada kansa kafin ya ci Jibin Ubangiji, Yesu kuma ya ce wanda ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa ya bar baikonsa ya je su shirya tukuna. Binciken kai umarni ne, kalanda ce kawai ba umarni ba. Amfanin kalanda shi ne abin da ba a sa wa rana ba, gobe ce ranarsa har abada. Wanda ba ya son toka ya bar ta, ya ɗauki makonni shida kafin Ista, ko wasu shida da ya zaɓa, ya yi aikin.

Akwai haɗari na gaske a cikin wannan hanya, kuma ɓoye shi cuta ne. Wasu mutane in suka fara duba zuciyarsu ba sa iya tsayawa, kowane tunani ya zama zunubi, su furta abu ɗaya sau biyar, barci ya ƙaurace musu. Wannan waswasi ne, ba tsarki ba. Alamar binciken kirki ita ce yana ƙarewa da aiki ɗaya da kwanciyar rai, na waswasi kuwa yana juyawa a wuri ɗaya. Koyarwar Katolika ta ce zunubi ba ya zama mai kisa sai abu uku sun haɗu: babban al'amari, cikakken sani, da yarda da gangan. Tunanin da ya faɗo aka kore shi ba laifi ba ne. Mai irin wannan hali ya tsaya a minti goma, ya tsawaita godiya, ya riƙe firist ko fasto ɗaya ya bi maganarsa, in kuma abin ya kai ga rashin barci da rashin cin abinci ya ga likita.

Daga Lahadi ta uku, lokacin da ake yi wa masu neman baftisma addu'o'in bincike a gaban jama'a, ya kamata lissafin ya fita daga littafi ya shiga unguwa. Zakka mai karɓar haraji, a Luka sura 19, bai tsaya a nadama ba, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. A jera waɗanda ake bin su haƙƙi, a fara da mafi sauƙi don a sami ƙarfin zuwa ga mai wuya. In kuɗi ne a mayar, in ba za a iya duka ba a je a faɗi gaskiya a sa ranar biya kaɗan-kaɗan. In suna aka ɓata, a gyara a gaban waɗanda aka ɓata shi a gabansu, don ba a zagin mutum a taro a ba shi haƙuri a lungu. Ban haƙurin ya zama gajere: "Yaya, na yi maka laifi a kan kaza, ka yafe mini." Duk "amma" da aka ƙara ta rushe shi. In zuwa kai tsaye zai tayar da wuta, a nemi dattijo ko katekis ya shiga tsakani. In kuma furtawar za ta jefa wani cikin haɗari ko ta rusa gidan da bai san komai ba, a nemi shawara kafin a buɗe baki, domin ba a sauke nauyin zuciya a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Ɓangaren da ya fi wuya shi ne inda kai aka yi wa laifi, kuma Kiristan Yamai sun san shi da idonsu. Ran 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, washegari kuma a Yamai, zanga-zangar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo ta juya kan majami'u. 'Yan sanda sun ce 45 aka ƙona a babban birnin, mutum 10 kuma suka mutu a garuruwan biyu. Wata ɗaya bayan haka, ran 18 ga Fabrairu, aka shafa wa mutane toka. Mai tambaya zai ce, wanda aka ƙona wa ɗakin ibada kuma shi za a ce ya binciki kansa? I, domin binciken ba ya nufin shi ya jawo, kuma yafewa ba ta hana neman shari'a da kariya daga hukuma. Abin da ake dubawa shi ne abin da wutar ta bari a ciki: ko na fara yi wa duk mai salla kallon wanda ya riƙe ashana, ko ina koya wa 'ya'yana tsoron yaran maƙwabta, ko na manta cewa a ranakun nan akwai Musulmin da suka ɓoye Kirista a ɗakunansu. Ƙaramar al'umma tana da jarraba tata ta musamman, wato ta ga kanta kullum a matsayin wadda aka zalunta, har ta daina ganin zaluncin da ke cikin gidanta. Ba a tilasta wa zuciya ta daina jin zafi, amma ana iya yanke shawarar daina fatan sharri, a kuma ambaci sunan mutumin a addu'a kowane dare ko da baki yana nauyi.

Bayan an fara gyara ne furta zunubi yake da daɗin yi. Tun taron Lateran na huɗu a 1215 aka wajabta wa Katolika furta manyan zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara. Kada a bari sai Mako Mai Tsarki, lokacin da layi ke tsawo firistoci kuma sun gaji. Mako na huɗu ko na biyar ya fi. A duba littafin kafin a tafi, a faɗi tsawon lokacin da aka ɗauka ba a zo ba, a ambaci babban laifi da irinsa da adadinsa gwargwadon tunawa, a fara da wanda ya fi ba da kunya don kada a haɗiye shi. Ba a kawo laifin miji ko na kishiyar uwa ko na maigida. Firist ba shi da ikon fitar da abin da ya ji ko da za a kashe shi, kuma wanda ke jin nauyin firist ɗin unguwarsu yana iya haye gada ya je wata majami'a. Wanda ikilisiyarsa ba ta da wannan tsari ya nemi fasto ko amintaccen ɗan'uwa mai riƙe sirri, kamar yadda wasiƙar Yakubu ta shawarta, domin laifin da aka faɗa da baki a gaban mutum yana rasa rabin ƙarfinsa.

A Mako Mai Tsarki a rage duban kai, a mai da ido kan labarin shan wuyar Yesu, daga Lahadin Dabino zuwa wankin ƙafafu na Alhamis da Hanyar Gicciye ta Juma'a. A daren Asabar, sa'ad da ake yi wa sababbi baftisma, jama'a duka suna sabunta alkawarinsu na ƙin Shaiɗan, kuma wanda ya yi lissafinsa ya san takamaiman abin da yake ƙi. Bayan Ista a yaga shafukan ɗigo a ƙona, a bar shafin bashin da ba a gama biya ba tare da ranakun da aka yi alkawari. Kwana 50 da ke biye har zuwa Fentikos na murna ne, ba a azumi a cikinsu, amma lissafin dare ya ci gaba ko da na minti biyar ne, a kan laifin nan ɗaya, har sai ɗigon ya yi ƙaranci sosai kafin a ɗauko na biyu.